Misi Nereida, Mai Kashe Mil da Mil

Kullum da safe Misi Nereida Quiñones takan tsaya a ƙofar aji da kofin kofi, ta tare ɗalibin farko da tambaya: motar da ta kawo ka gudu nawa take yi? In ya ce hamsin, sai ta ce, "Hamsin ɗin me, ɗan nan? Ayaba?"

Na daɗe ina mamakin abin da ya sa malamar kimiyyar nan ta ƙi jinin lamba tsirara, wato wadda ba a faɗi awonta ba. Mu dai a Puerto Rico allon hanya da kilomita yake faɗin nisa, gudu kuwa da mil, kuma ba wanda abin ya dama sai ita. Dokarta ɗaya ce: rubuta awo kusa da lambarsa, ka jera su sama da ƙasa, mil na sama ya kashe na ƙasa, abin da ya tsira shi ne amsarka.

Wilfredo Batista ne ya warware mini. Tsohon ɗalibinta ne, ɗan bencin baya, yanzu direban motar asibiti. Ranar da ya ɗauko wata mai naƙuda tana zubar da jini, nas Yaritza ta leƙo daga baya ta ce matar ba za ta wuce minti arba'in ba. Allo ya nuna kilomita arba'in zuwa babban asibiti, allurar gudu na kan hamsin. Ya raba a ka, kusan minti hamsin. Ba za su kai ba. Har ya kunna sigina zai karkata zuwa ƙaramin asibitin da ba likitan tiyata, sai muryar Misi ta faɗo masa.

Mil hamsin a awa, sau kilomita ɗaya da ɗigo shida a kowane mil. Mil ya kashe mil. Kilomita tamanin a awa. Rabin awa ke nan.

"Yaritza, riƙe ta, babban asibiti za mu."

"In ta mutu a hanya, Wilfredo, tare zan binne ku."

Sun kai da ranta. Jaririyar da matar ta haifa, bana ta shiga makaranta. Da ya ba Misi labarin a bikin ritayarta, tambayarsa ta yi me ya hana shi yin haka a jarrabawa.

Misi, ke ce kika sha dariyarmu kika ƙi sassautawa, ƙarfen ƙafar malalata. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Ku kuma da kuka gaji ajinta, ku nace yadda ta nace. Ba ku san wanda zai kwanta a bayan motar ɗalibinku ba.