Ranar da Nababa ya katse sallah

A ƙauyenmu kusa da Tofa akwai rumfar maƙera biyu, wa da ƙane, jikin katangar masallaci. Iliyasu ne babba, Nababa ƙarami, ko da yake ƙaramin ma furfura ta fara keto masa a gemu. Ƙira suka gada. Mahaifinsu da dutse yake wasa fartanya, su kuwa da aka jawo wutar lantarki garin sai suka sayi injin wasa na hannu, wanda ake kira giranda. Lauje ko gatari, kafin ka gama gaisawa ya yi kaifi.

Nababa mutum ne mai ka'ida har ta yi yawa, in ji mutanen gari. Ba ya taɓa injin sai ya cire 'yar shara ya rataye, ya naɗe hannun riga, ya ɗora wani tabarau mai kauri da ya sa ake ce masa direban jirgi. Marfin da ke kare faifan injin, wanda yawancin masu sana'ar kan kwance su yar, shi ya hana a taɓa. Manomi na sauri ko ba ya sauri, sai ya koma bayan rumfa kafin tartsatsi ya fara tashi. Shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki, yatsunsa goma cif.

Abu ɗaya ne ya gagare shi, wato yayansa. Wutar garin ba ta sallama in za ta tafi, ba ta yi in za ta dawo. Saboda haka Iliyasu ya ɗauki wata ɗabi'a: in an ɗauke wuta yana cikin aiki, sai ya ajiye injin a kan benci a kunne, wai ƙararsa ce za ta gaya musu an kawo. Nababa ya yi magana har ya gaji.

"Yaya, a bar ƙwan fitila a kunne mana, shi ba ya yanka."

"Da rana tsaka wa yake ganin ƙwai? Kai dai tsoronka ya yi yawa."

Ƙane ba ya ɗaga wa wa murya. Sai Nababa ya koma bin bayansa yana zare fulogi a ɓoye, abin yana cin ransa.

Wata Talata gab da faɗuwar damina, aiki ya taru, aka ɗauke wuta daidai kiran Azahar. Nababa ya riga ya fita alwala, Iliyasu ne ya bar rumfar a ƙarshe. Mahaifiyarsu, Inna Aina'u, wadda ba ta yarda kowa ya kawo musu fura sai ita, ta iso ta zauna a kan bencin tana jiran a idar.

Ana raka'a ta biyu fankar masallaci ta fara juyawa. An kawo wuta ke nan. Yau Nababa bai bi bayan yayansa ba, kuma ya san wadda ke zaune a bencin nan a irin wannan lokaci. Mutumin da tun balagarsa ba a taɓa ganin ya waiwaya a sallah ba ya fice daga sahu a guje, babu takalmi.

Ya tarar injin ya diro ƙasa yana tsalle, faifan ya cafke gefen mayafin Inna yana naɗewa, tsohuwa ta durƙushe, mayafin ya shaƙe mata wuya. Wani da hannu zai kai wa injin, ya bar yatsunsa a wurin. Nababa bango ya nufa, ya fizge fulogi. Sannan ya warware mayafin, ya zaunar da ita. Ban da ƙujewa a gwiwa babu abin da ya same ta, sai faɗa take yi wai an zubar mata da fura.

Da aka idar, jama'a suka cika rumfar. Wasu har sun fara gunagunin katse sallah, liman ya ce ceton rai ne, ya je ya sake tasa kawai. Ni dai a ranar na ji alfahari da maƙerin garinmu.

Iliyasu ne ya shigo a ƙarshe. Ya tsaya yana kallon yagaggen mayafin. Sannan ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, ya juyo ya dubi ƙanensa a gaban kowa.

"Ni ma na ji ƙarar, Nababa. Na san ni na bar shi a kunne, na san Inna tana nan. Wallahi ƙafata ce ta ƙi ɗaguwa."