Zuhura Ta Ƙi Tashi

Duk wanda ya san kasuwar Matameye ya san Zuhura mai ɗinki. Wada ce, tsayinta bai wuce ƙugun babban mutum ba, amma in ta ɗaga murya har layin masu rake ana jin ta.

Tana ƙarama kakarta ta so a bar ta a ɗaka, wai kada a yi da gidansu. Mahaifinta Badaru ya dawo daga ci-rani a Kano, ya ji zancen, washegari ya kama hannunta ya kai ta lakwal, wato makarantar boko. Yara suka yi ta tsokana, ta fasa wa ɗaya baki, shi ke nan aka shafa mata lafiya. Da ta koyi ɗinki, wani kafinta ya ɗora mata katako a kan matakin keke, ƙafarta ta kai.

Bara wata mai kawo ɗinki ta tsegunta mata cewa a Yauri, nan kusa da Matameye, akwai wata Hanifa da ta haifi yaro wada irin Zuhura, sunansa Marwan. Mijin yana Legas, uwar mijin, Baiwa, ta kulle yaron a ɗaka tana ɗura masa jiƙo wai don ya yi tsawo.

Zuhura ta hau kabu-kabu ta tafi. Baiwa ta tare ta a zaure.

"Ba mu da baƙo yau."

"Inna, ba baƙunta na zo ba. Jikanki na zo gani."

"Ki dubi kanki tukuna."

"Kullum ina duba shi, lafiyarsa lau."

Ta shimfiɗa mayafinta a ƙofar gida ta zauna. Rana ta take, mutane suka fara taruwa, ba ta motsa ba. Kunya ta ishi Baiwa, ta ɗaga labule.

Zuhura ta ɗauki Marwan, ta nuna wa Hanifa yadda za ta riƙa tallafe masa kai da baya.

"Ƙanwata, ba aljanu ba ne, ba kuma laifinki ba ne. Jiƙo ba zai ƙara masa tsawo ba. Kai shi wurin likita a duba kunnensa da numfashinsa. Zai yi tafiya, sai dai a makare. Ni ma haka na yi."

Hanifa ta yi kuka har ta gaji.

Yanzu ranar kasuwa Hanifa takan zo da shi a goye, su wuni a shagon Zuhura. Baiwa har yau ba ta gaida Zuhura, amma ta daina jiƙon. Marwan ya fara dafa bango yana miƙewa.