Hauren Makkan Inna

Mahaifiyata tana da haƙori ɗaya na zinari a sama, gefen dama, wanda aka sa mata shekarar da ta sauke farali. Mu a wajenmu haure muke ce wa haƙori, don haka sunansa a gidanmu hauren Makka. Idan ta yi dariya shi ake fara gani, kuma Inna ba ta rowar dariya.

Ina koyarwa a Isa, ita tana Kamarawa. Wata Juma'a na kai mata goro, sai na ga ta daka shi a ɗan turmi kafin ta sa a baki. Na tambayi ƙanwata, ta ce an daɗe a haka. Asuwakinta kullum da jini, dasashinta ya kumbura, haƙorin zinarin kuma har girgiɗi yake yi. An gwada kanumfari, an gwada kurkure baki da bagaruwa, abu sai gaba yake yi. Raina ya ɓaci da aka ɓoye mini, na yi ta faɗa. Ni dama ba a raba ni da saurin fushi.

Da ƙyar na shawo kanta muka hau bas zuwa Sakkwato. Likitar haƙorin mace ce mai sanyin murya. Ta ɗauki hoton bakin, ta nuna mana. Ta ce ciwon dasashi ne ya daɗe har ya cinye ƙashin da ke riƙe da haƙorin. Sauran haƙoran za a iya ceto su idan an kankare dattin da ya daskare a gindinsu. Amma gindin na zinarin ya zama rami mai tara mugunya, idan aka bar shi zai ja na kusa da shi su tafi tare.

Inna ta gyara mayafinta. "Ɗiyata, cire duk wanda kika so. Wanga dai bar min abuna."

Muka fito ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro. Ni a tunanina ado ne take ji wa, ko tsoron kada a daina ce mata Hajiya. Na ce, "Inna, in don zinari ne, a garin nan ma ana sawa. In an warke sai a liƙa miki a wani."

Ta dube ni kamar na zage ta. "Hauren Sakkwato ke nan. In riƙa buɗe baki ina yi ma mutane ƙarya?"

Na ce to me za a yi da haƙorin da ke hana ta cin tuwo? Nan take na ji kunyar ɗaga murya da na yi. Can ta ce, "Kai kana da takardu, komi kay yi an rubuta. Ni ban da hoto, ban da komi. Waɗanda munka tahi tare duk sun rasu. Wata rana ina zaune ina sussuka, sai in ji kamar mahwalki ne niy yi, ban je ba. Sai in taɓa shi da halshe, in ce a'a, na je."

Shekara da shekaru ina kallon haƙorin nan, ban taɓa tambayarta yadda tafiyar ta kasance ba. Tsaraba kawai na karɓa, dabino da zamzam.

Ita ce ta miƙe da kanta ta koma ciki. Aka yi mata allurar kashe zafi, cirewar ba ta ɗauki lokaci ba, don haƙorin dama ba abin da ke riƙe da shi. Likita ta naɗe mata shi a auduga, ta ce ruwan gishiri mai ɗumi safe da yamma, kuma mu dawo a wanke sauran, domin cirewa kaɗai ba ta kashe ciwon.

Mun koma sau biyu. Jinin ya tsaya, kumburin ya sace, warin bakin da take ɓoyewa da mayafi ya tafi. Ta koma cin tuwon dawa sosai, amma dariya sai ta sa hannu ta kare baki. Wannan ya dame ni fiye da yadda na zata.

Bayan girbi na je gaishe ta da hantsi. Na tarar ta shimfiɗa tabarma biyu, ta ajiye sabon littafin rubutu da ta aika aka sayo mata a kasuwar Sabon Birni.

"Zamna," ta ce. "Tunda da kai anka cire min shaida, kai za ka zama shaidata. Za ni hwaɗi, kai ko ka rubuta. Kuma kak ka gyara min magana."

Na zauna, na buɗe shafin farko. Ta rufe ido, ta fara daga ranar da ta fita ƙofar gida za ta Makka.