Batirin da Ya Kwana a Ɗakin Kawu

Litinin: daga gida zuwa Madani

Ƙarfe biyar da minti goma na tayar da mota daga ƙauyenmu na kudu da Sinnar. Takardun motar za su mutu ran Alhamis, ita ce kuma ke kai Inna wankin ƙoda asibitin Madani duk Asabar. Mota marar takarda, 'yan murur masu tsaron hanya ba sa barinta ta wuce shinge, Inna kuwa ba ta iya zaman bas.

Akwai wata fitila ruwan ɗorawa da ta yi wata biyu tana ci a gaban sitiyari. Ran Lahadi na cire kan batir na mayar, fitilar ta mutu, ni a dole na yi dabara.

Takwas saura kwata ina layin fahas, inda ake gwada lafiyar mota da hayaƙinta. Ma'aikacin ya soka wayar na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya duba, ya zare.

"Ya zol, bawan Allah, ƙwaƙwalwar motarka ba ta tuna komai. Ka dawo in ta shirya."

Na wuce garejin Usta Babikir, makanikenmu na shekaru. Ya canza wani ɗan ƙarfe mai sansanar hayaƙi a jikin salansa, sannan ya zaunar da ni.

"Duk ran da aka cire batir, mantuwa take yi," in ji shi. "Sai ta yi tafiya ta sake gwada kanta. Ka riƙe gudun tamanin a miƙaƙƙiyar hanya, ka bar ta ta sauko da kanta ba birki, ka shiga gari ka yi tsaye-tsaye. Ta kwana ta huce, da safe ka tayar. Batir kuwa, ko da ɗan yatsa kar a taɓa."

Talata: Madani zuwa Kamlin

Na tashi tara, na yi arewa, tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai. Manyan motoci suna ta danna mini oda, ni ko ina kan tamanin ɗina. Shinge biyu na wuce, na tsaya Hasahisa na ci wake da mai da burodi, na zaga kasuwa sau uku har masu raksha, keke mai ƙafa uku, suka fara nuna ni.

Da la'asar na sauka gidan Kawu Sale, ƙanen Inna, mai noman auduga kusa da Kamlin. Aka kawo kisira, wainar dawa mai faɗi marar kauri, da miyar kuɓewa. Mun yi hirar ciwon Inna, mun yi ta ruwan gona. Maganar batir ce kaɗai ban yi ba, kuma wannan laifina ne.

Laraba: komawa baya

Bayan asuba na murɗa makulli, shiru. Na buɗa gaban mota, wayam! Sai ga Kawu ya fito rungume da abu cikin buhu.

"Ga shi, ɗana. Nan garin ba a barin batir waje, ko na injin ban-ruwa ɗaki yaka kwana. Ƙarƙashin gadona na aje ma shi. Har na goge kawunan da toka."

Wallahi na ji kamar in zauna a ƙasa in yi kuka. Tafiyar jiya gaba ɗaya ta tashi a banza. Na dubi hannunsa, duk toka.

"Allah shi saka da alheri, Kawu. Kun wahala."

"Wace wahala? Motar Yaya ce fa."

Shida da rabi na kama hanya. Kamlin zuwa Madani, Madani zuwa Sinnar, na juyo daga bakin gari ban ko leƙa gida ba, don kar Inna ta tambaye ni. Biyar na yamma Usta ya soka na'urarsa. Gwaje-gwajen ƙwaƙwalwar duk sun shirya, saura guda.

"Wannan sai da sanyin safe," ya ce. "In ta ƙi gobe, sai Lahadi, don Juma'a da Asabar ba a buɗe fahas."

Lahadi kuwa bayan Asabar take. Na ɗaure murfin injin da waya, na sa makulli a aljihu, na kwana gidan Usta.

Alhamis: Madani zuwa gida

Shida na tayar da ita, ta yi minti goma a tsaye, na yi hanyar Sinnar kilomita ashirin na dawo. Usta ya duba, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Jeka." Sha ɗaya da kwata aka buga mini hatimi a fahas. Azahar a gida na yi ta.

Ran Asabar ɗan murur ya karɓi takarda, ya leƙa ya ga Inna kwance a baya, ya ɗaga mana hannu. Da muka wuce ta ce Kawu ya bugo waya, ya ce batirina ya yi datti, ba na kula da shi.

"Ka dai yi mai godiya ko?"

"Na yi, Inna."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, sai Usta Babikir, sai Kawu Sale, wanda har yau bai san abin da ya faru ba, kuma ba daga bakina zai ji ba.