Kalmar da Ta Rage a Bakin Baba

Ni 'yar fari ce a gidanmu, kuma sunan mahaifiyar Baba aka raɗa mini. Duk wanda ya tashi a Wurno ya san an haɗa mini alkunya biyu ke nan. Baba bai taɓa kiran sunana ba, Inna ma haka. Ko ni kaɗai ce a gabansa yana son ruwa, sai ya dubi bango ya ce, "A ce ma ɗiyag ga ta kawo ruwa." Ana yaye ni aka kai ni Rabah wurin gwaggona, can na yi wayo. Ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba. In ya dawo daga kasuwar Goronyo da tsarabar rake, nawa ne mafi kauri, sai dai ta hannun ƙannena zai iso ni.

Da na shiga jami'a a Sakkwato, Kawu ne ya fara sa ni gaba. Ƙanen Inna ne, manomin albasa a Kagara, bakinsa ba ya hutawa. Ya ce, "Karatun mi kika yi can birni?" Na ce, "Kimiyyar harshe, Kawu, yadda magana take aiki." Ya riƙe haɓa. "Wato Hausa? Hausad da anka haihe ki cikinta? Ki zaka Kagara in koya miki kyauta, hadda buhun albasa bisa!" Aka yi ta dariya, har ƙannena. Ni ba ni da haƙurin tsiya, na tashi na bar musu tabarmar. Baba yana gefe yana gyara igiyar jaki.

Na gama, na koma Rabah ina koyarwa a sakandaren 'yan mata. Wata shekara lokacin dashen albasa aka bugo mini waya cewa Baba ya faɗi a fadama. Hawan jini ne, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Likitoci a Sakkwato suka yi iya ƙoƙarinsu, suka ce ciwon ya taɓa sashen ƙwaƙwalwa mai kula da magana, a koma gida a riƙa yi masa hira. Da aka dawo da shi na shiga ɗakinsa na durƙusa na gaishe shi. Ya dubi bango kamar yadda ya saba, ya buɗe baki zai amsa, sai sunana ya fito.

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuwa, ba zan ɓoye ba, wani daɗi ne ya tsirga mini har tafin ƙafa. Ina da aure da 'ya'ya, ranar na fara jin yadda sunana yake a muryar ubana. Amma daɗin bai daɗe ba. Ya sake buɗe baki zai gyara, sunan ya sake fitowa. Inna ta miƙa masa kunu, ya kira ta da shi. Kawu ya shigo, shi ma da shi aka tarbe shi. Duk maganar duniya ta tafi ta bar masa kalma ɗaya tak, kuma ita ce wadda ya yi rayuwarsa yana kauce mata. Kowane kira sai hawaye ya biyo baya. Kafin mako ya zagayo ya rufe bakinsa ruf, ko an gaishe shi sai ya juya fuska.

Abin da ya rikita mutane shi ne salla. In an jingina shi ya yi kabbara, Fatiha sai ta zubo tiryan-tiryan, ba gargada. Nan fa kowa ya zama masani. Kawu ya ce, "Ai ya bar zancen duniya na, Allah ya tsare bakinai." Tsofaffin unguwa suka ce ba ni yake kira ba, mahaifiyarsa ce da ta rasu yake gani, wato tafiya ta zo. Dangi suka riƙa zuwa daga Rara da Maikujera suna durƙusawa suna neman gafara, suna fita da kuka. A gabansa ake shawarar gonarsa cikin raɗa, kamar ba ya nan. Mutumin da unguwa ke kira in an yi rikicin iyakar gona, shi aka mai da gawa yana numfashi. Wannan ya ƙona mini rai ƙwarai.

Ni ba likita ba ce, amma abin da na zauna a aji na koya yana gabana ƙuru-ƙuru. An koya mana cewa magana ba dunƙule ɗaya ba ce. Abin da mutum ya haddace, irin su Fatiha da ƙirga da gaisuwa, hanyarsa daban da maganar da yake ƙerawa sabuwa yanzu-yanzu. Fahimtar abin da aka faɗa daban, furta naka daban. Hawa da saukar murya ma daban suke da kalmomin da ke ɗauke da su. Ciwo yana iya toshe wata hanya ya bar wata a buɗe. Kuma a kwanakin da yake kiran sunan na lura ba iri ɗaya yake kiransa ba. Wani da muryar tambaya, wani da muryar "a'a", wani da muryar roƙo. Baba yana ciki, da hankalinsa cif.

Na faɗa wa Kawu haka, ya ce, "To Malama, boko ya motsa." Na ce ya biyo ni. Muka tsaya a bakin ƙofar ɗakin, na ɗaga murya kamar da Inna nake, na ce, "Inna, Kawu ya ce bana a yi ta ba albasar Baba ruwa har ranar da za a cire ta." Duk yaron fadama ya san in aka yi haka ruɓewa za ta yi a rumbu. Wallahi ban rufe baki ba Baba ya daki tabarma da hannunsa mai lafiya, ya daka wa Kawu tsawa da sunana, ido ja wur. Kawu ya ja da baya har ya taka buta. "La ilaha illallahu! Ni ban ce ba, Yaya! Ƙarya ta ka yi min!" Na ce, "Wanda ya bar duniya ne ke faɗa a kan albasa?" Tun daga ranar na hana kowa shigowa neman gafara, wanda ya ji haushi ya ji.

Sai dai akwai matsala. Mai koyon magana yana bukatar ganin bakin mai koya masa, ni kuwa Baba ba zai dubi fuskata ba ko za a yi yaya. In na zauna gabansa, kunya kan ƙara ɗaure masa harshe. Don haka muka yi dabara. Na zauna bayan labulen ƙofa, Inna ta zauna gabansa, ni ina faɗa mata abin da za ta yi, ita tana yi. Matar da ba ta taɓa shiga aji ba ta zama bakina. Kafin mu fara na ce ta bayan labule, "Baba, in sunan ya fito, ba kai ka kira ba, ciwo ne. Ni kuma ban ji ba." Ya yi gyaran murya.

Da gaisuwa muka fara, don gaisuwarmu tafe take biyu-biyu, ta farko tana jawo ta biyu. Inna ta ce, "Ina kwana?" a sannu, tana jan muryar. Ya yi ta kokawa da leɓe, sunana ya fito, ya juya ga bango. Muka bar shi. Washegari muka sake. Wata safiya sai ga "Lahiya" ta faɗo da kanta, har shi ya firgita. Daga nan "Ina gajiya?" ta jawo "Babu gajiya." Sai na ce wa Inna ta riƙa tsayar da shi a kan "babu" kaɗai, ta nuna masa ƙwarya wofi, ta nuna masa randa ba ruwa. So nake in ciro kalmar daga cikin hadda ta zama tasa. Ranar da ta kawo masa kunun da ba ya so ya ture ya ce "Babu!" da ƙarfi, guɗa kawai Inna ba ta yi ba.

Haka muka yi ta tafiya. Kalmar da ta ƙi fitowa, sai Inna ta fara rera masa hawa da saukar muryar kalmar baki rufe, tana buga masa hannu a gwiwa, sannan kalmar ta hau kan muryar. Ruwa, gona, salla, zafi. Ina zuwa daga Rabah duk ƙarshen mako, kwanakin tsakiya Inna ta riƙe aikin. Akwai makonnin da ba a ci gaba ko taku ɗaya ba, ya yi fushi, Inna ta yi fushi, ni ma in yi nawa a cikin mota. In ya gaji, sunan nan ne ke dawowa, kuma har lokacin yana sa shi sunkuyar da kai. Zaure kuwa ya ƙi fita sam, don tsoron kada ya kira sunan a gaban maza.

Sai bayan an cire albasar shekara ta gaba ya yarda aka shimfiɗa masa buzu a zaure. Kawu ya zo, maƙwabta suka cika wurin. Inna ta dama fura ta ce in kai. Na tsaya a bakin ƙofa da ƙwarya, na yi sallama. Baba ya dubi bango. Na ga leɓensa ya haɗu zai fara sunana, na san yadda yake farawa fiye da kowa. Ya tsaya, ya haɗiye, ya ja numfashi, sannan ya ce, "A ce... ma ɗiyag ga... ta aje."

Aka ɗauki kabbara. Kawu ya share ido da hannun riga, amma halinsa bai bar shi ba, ya ce, "Yaya, wai Hausa ta tahi karantawa birni." Baba bai dube ni ba. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya nuna wajen da nake, ya ce, "Karatu... ya yi." Na ajiye ƙwaryar na koma ciki da sauri, don 'yar fari ba ta tsayawa a yabe ta.

Maganarsa ba ta dawo duka ba har yau. Gajere-gajere yake yi, yana neman kalma kamar mai laluben allura a tabarma. Amma shi ke cewa a ba albasa ruwa ko a tsayar, kuma an koma kiransa in iyakar gona ta rikice. Ina alfahari da wannan aiki fiye da takardar da jami'a ta ba ni, kuma ko a gaban wa zan faɗa. Ranar nan dai da na shiga ciki na tarar da Inna tana kukan murna, na zauna kusa da ita ina nawa. Ta ce, "Ke kuma na mi na?" Na share fuska da mayafi. Ni da kaina na zauna bayan labule na koya wa ubana yadda zai daina kiran sunana, kuma ya koya da kyau, bai sake kira ba.