Allon siron da na ƙi zanawa

Shekarun baya, lokacin juyin juya hali, da kowa a Parakou ya zama kamarad, wato abokin gwagwarmaya, daga babban ma'aikaci har mai tallar goro, ni mai zanen allon talla ne a unguwar Albarika. Masu aski, teloli, masu gasa nama, duk ni nake yi wa. Zakin da na fara zana wa wani mahauci sai da ya tambaye ni ko kyanwa ce. Daga baya hannuna ya faɗa, har delegen unguwarmu, wato wakilin gwamnati, ya riƙa ba ni aikin rubuta taken juyin juya hali a bango.

Wata rana abokin mahaifina, wani Alhaji ɗan kasuwa daga Djougou, ya zo rumfata da kwalbar jan siro, wato maganin ruwa na sha. Alluna yake so ya kafa a kasuwannin Partago da Pélébina: jariri ɓulɓul yana dariya, a ƙasa a rubuta cewa siron yana warkar da ƙyanda, ba sai an je likita ba. A sama kuma in zana jan tauraro irin na tutar ƙasa.

Na ce, "Baba, tauraron fa na mene ne?"

Ya ce, "Mutanen ƙauye ba karatu suke yi ba, ɗana. Da sun ga tauraro za su ce na gwamnati ne."

Na buɗe kwalbar na ɗanɗana. Ruwan sukari ne da kala. Ni kuwa na san ƙyanda, ita ta ɗauke ƙanwata tun ba ta iya magana ba.

"Baba, ka yi haƙuri, ba zan zana ba."

"Kai aka ce ka sha? Fenti kawai za ka shafa!"

"Uwar da za ta fasa kai ɗanta likita, hoton da na zana za ta kalla ta fasa."

Ya ɗauki kwalbarsa ya fita ko sallama babu. Ashe shi da delege aminai ne. Bayan kwana uku aka kira ni ofishin delege, wai kamarad ya ƙi zana tauraron juyin juya hali. Na ce tauraro na zana shi a bango ba adadi, a kan ruwan sukari ne ba zan zana ba, in ana shakka a kawo kwalbar delege ya ɗanɗana. Ba a kawo ba.

Ba a kulle ni ba, sai dai aikin bango ya yanke, 'yan kasuwar da ke jin nauyin Alhaji suka daina zuwa. Mahaifina ya daɗe yana amsa gaisuwata da ka kawai. Mahaifiyata kuwa, ranar da na dawo daga ofis nama biyu ta sa mini a miya.

Na koma tasha ina rubutu a bayan kamyo, manyan motocin kaya na direbobin Nijar. Wani ya zana wa Alhaji allonsa, na gan shi da idona a Partago, jaririn ma ya fi wanda zan iya kyau. Ke nan ban hana komai ba, na sani.

Duk da haka, idan masu aikin talla na yanzu suka ce mini ai su abin da aka sa su suke yi, ba na gardama. Na dai faɗa musu cewa kaya na mai kaya ne, amma hannun da ke jawo mutane su saya naka ne. Nawa ya sha wahala, bai taɓa ba ni kunya ba.