Ƙwayoyin Yaya a Gindin Randa

Ƙyallin na fara gani. Wata safiya da damina Inna ta ce in ɗauko wa yayata maganinta a gindin randa. Da na kwance 'yar ledar, sai na ga ƙwayoyin suna ɗan walƙiya kamar an barbaɗa musu gishiri. Suka ba ni sha'awa, na tsaya ina juya su a hasken ƙofa. Ban gaya wa kowa ba.

Yaya tana da farfaɗiya tun tana ƙarama. Mahaifinmu, wanda mu ma Malam muke ce masa saboda makarantarsa a Miga, ya yi mata alkawari: in ta cika shekara ba ta faɗi ba, zai bar ta ta tafi Dutse karatu. Saura wata biyu ta faɗi a bakin murhu. Bayan kwana tara ta sake faɗuwa.

A lokacin littattafan soyayya sun cika mini kai, kuma a cikinsu budurwa ba ta ciwo sai da dalilin zuciya. Na birkice akwatinta ina neman wasiƙa. Turare na samu, da zare da allura.

Inna ta kai ta asibiti, na bi su. Mai ba da magani, wata dattijuwa mai tabarau, ta karɓi ledar ta ɗaga ta sama.

"Hajiya, ina kike ajiye wannan?"

"Inda nake ajiye gorona, kada zafi ya ɓata shi."

"To ai kin mai da shi goro. Goro na son laima, wannan kuwa ba sa ga maciji da ita."

Ta kawo kofi biyu da ruwa, ta jefa sabuwar ƙwaya a ɗaya, tamu a ɗayan. Sabuwar ta watse nan take. Tamu ta zauna a ƙasa kamar tsakuwa. Ta ce garin maganin a jere yake zaune, kamar na gishiri. In ya sha laima sai jerin ya sauya, ya koma siraran tsinkaye masu ƙyalli, ya taurare, ya ƙi narkewa da wuri a ciki. Yaya tana haɗiya kullum, amma kaɗan ke isa jininta.

Da muka koma gida Inna ta durƙusa ta ce, "Malam, laifina ne, ba jikinta ba."

"Ban ɗora wa kowa laifi ba. Shekara na ce."

Aka sake ƙirgawa daga farko. Ƙawayenta suka tafi, ta zauna tana ɗinki. Maganin ya koma kwalba mai murfi, a saman jeren ƙoran Inna.

Ta cika shekarar, ta tafi. Yanzu tana koyarwa a wata firamare a Takur, da 'ya'yanta uku. Kwalbarta tana can saman sif. Da damina, kafin ta haɗiyi ƙwaya, sai ta ɗaga ta wajen taga ta duba.